Babi na 7: Idan Injin Mota Ya Ɗau Zafi

Wannan babi na direbobi ne da yaran mota da duk mai mota a gida, namiji ko mace. A karanta a hankali. Wanda layi ya shige masa duhu ya ɗaga hannu a maimaita masa, babu abin kunya. Da yawanku kun riƙe sitiyari shekara da shekaru kafin ku riƙe fensir, don haka ba baƙon abu za mu koya ba.

Darasi na 1: Allurar zafi

Zauna a kujerar direba. Dubi bayan sitiyari. Akwai allurai a wurin: ta gudu, ta man fetur, ta zafin inji. Ta fetur tana da haruffa E da F. Ta zafi tana da C da H. Na sha ganin ɗalibi ya ɗora yatsa a kan ta fetur yana cewa ta zafi ce, saboda haka mu tsaya a nan tukuna.

Ɗauki fensir ka rubuta C sau biyar. Zagaye ne da aka bar bakinsa a buɗe ta dama. Yanzu rubuta H sau biyar. Sanda biyu ne a tsaye, da ɗaya a gicciye tsakaninsu. Madalla. Gefen C sanyi ne. Gefen H zafi ne, galibi da jan layi a wurin.

Da safe allura tana kwance a C. Idan an yi ɗan tafiya sai ta hau tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, ta zauna. Nan ne gidanta. Wasu motocin, irin su Golf, lambobi ne a jiki maimakon haruffa, kuma 90 ce a tsakiya. Idan allura ta bar tsakiya ta doshi H, inji yana kuka. Wasu sababbin motoci ba su da allurar sam, sai 'yar fitila mai hoton ma'aunin zafi tsaye cikin ruwa. Shuɗiya ko koriya tana nufin inji bai ɗumama ba tukuna. Ja tana nufin tsaya.

Darasi na 2: Abin da za ka yi nan take

Kashe esi. Kunna sigina, ka sauka gefen titi inda babu haɗari. Kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa garin gaba, saura kaɗan. Wannan kaɗan ɗin shi ke ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke sa kan inji ya lanƙwashe.

Idan tururi yana fita ta gefen bonet, kada ka ɗaga shi. Bari tururin ya ɗauke. Sannan ka ɗaga bonet ka tokare shi, iska ta shiga. Sai ka koma inuwa ka zauna.

Darasi na 3: Murfin lagireto

'Yan'uwa, ku ba ni hankalinku. Ko kun manta duk abin da ke cikin babin nan, kada ku manta wannan.

KADA KA BUƊE MURFIN LAGIRETO INJI YANA DA ZAFI.

Mu karanta tare, da murya. Kada. Ka. Buɗe. Murfin. Lagireto. Inji. Yana. Da. Zafi. A sake. Yanzu kowa ya kwafe shi a littafinsa.

Ruwa a fili yana tafasa idan zafinsa ya kai 100. Amma na cikin lagireto a matse yake, murfin ne ya danne shi, shi ya sa yake wuce 100 har ya doshi 120 bai tafasa ba. Dubi saman murfin, za ka ga lamba kamar 0.9 ko 1.1. Ƙarfin matsin ke nan. Da ka murɗa murfin, matsin ya tafi, ruwan nan duka ya tafasa lokaci guda ya feso sama. Ina fuskarka take a lokacin? Daidai kan murfin. Ina hannunka yake? A kansa. Ku shiga kowace tasha ku dubi hannuwan tsofaffin yaran mota, za ku ga fatar da ta saɓule ta warke fari-fari daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Murfin nan ne.

To, yaushe ake buɗewa? Bayan minti 30 aƙalla. Dubi agogon wayarka lokacin da ka kashe inji. Idan ƙarfe 2:00 ne, sai 2:30. Idan 4:15 ne, sai 4:45. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, ƙara a kan haka.

Ko minti 30 sun cika, gwada tukuna. Akwai baƙin tiyo mai kauri da ya fito daga saman lagireto ya shiga inji. Sa tsumma ka matsa shi. Idan ya yi tauri ya ƙi matsuwa, akwai sauran matsi, koma ka zauna. Idan ya yi laushi kuma hannu yana iya riƙe shi, to bismillah.

Ninka tsumma mai kauri, ka rufe murfin da shi. Kau da fuskarka gefe. Murɗa kaɗan kawai, ka tsaya. Saurara. Idan ka ji "fusss", sake hannu ka ja da baya har ya yi shiru. Sai ya yi shiru sannan ka danna ka ƙarasa murɗawa.

Masu Golf da Sharan da Peugeot 406, ku ma da ku nake. Motocinku ba su da murfi a jikin lagireto, murfin yana kan robar ruwa. Kada ka ce ai roba ce. Ita ma a matse take, ita ma tana feshi. Doka ɗaya ce.

Na san abin da wani zai ce: Malam, fasinja suna surutu. Su yi. Fasinja zai sauka ya hau wata mota, kai kuwa fuskar nan ita kaɗai gare ka. Kuma ku iyayen gida, ku ji tsoron Allah game da yaranku. Direba ya zauna a ciki ya ce wa ɗan shekara goma sha biyar je ka buɗe ka zuba ruwa, wannan ba daidai ba ne. Na faɗa a wancan aji, na sake faɗa, amma har yanzu idan na tambaya mene ne abu na farko, sai a ce buɗe murfi. Haba jama'a! Abu na farko tsayawa. Na biyu kashe inji. Na uku jira. Murfi yana can baya.

Haka kuma kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ko ka ɗura shi a ciki. Ƙarfe mai zafi idan sanyi ya buge shi farat ɗaya yana iya tsagewa.

A sake karanta babban layin sau ɗaya kafin mu wuce. Yauwa, kun yi ƙoƙari.

Darasi na 4: Duba ruwa

Inji ya huce? Ka matsa tiyo ya yi laushi? To yanzu ne.

Dubi robar ruwa. Akwai layi biyu a jikinta. Na ƙasa an rubuta LOW ko MIN. Na sama an rubuta FULL ko MAX. Ruwa ya tsaya tsakanin layukan nan, kada ya wuce na sama. A mota mai murfi a jikin lagireto, irin tsohuwar Corolla, leƙa ciki ma, ruwa ya kai wuya.

Zuba a hankali. Abin da ya dace shi ne ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan, kore ko ja, irin wanda motarka ke sha. Yana hana tsatsa. A kan hanya, in babu, zuba ruwa mai tsabta ka kai gida. Ruwan kududdufi da ruwan rijiya mai kanwa-kanwa suna toshe lagireto sannu a hankali. A ajiye ruwa mai launin nan nesa da yara da dabbobi, guba ne.

Ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin mota. Akwai ɗiga? Bi tiyo da ido ka ga ko ya tsage, ko zoben da ya ɗaure bakinsa ya saki. Dubi robar da ke ƙarƙashin murfi, idan ta tsattsage sayi sabon murfi mai lamba irin ta tsohon.

Darasi na 5: Fanka da fambel

Idan mota tana zafi a cunkoso amma tana hucewa a buɗaɗɗiyar hanya, fara zargin fanka. Tayar da inji, bari allura ta hau, ka ga ko fanka za ta tashi. In ba ta tashi ba, a duba fiyus. Fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko inji a kashe. Tattare hannun riga da mayafi, yatsu su yi nesa.

Fambel kuma, wato bel ɗin roba da inji ke juyawa, inji a kashe, danna shi da yatsa. Idan ya yi sako-sako ko ya tsattsage, a canja. Ƙurar hunturu da ledoji suna toshe gaban lagireto, a wanke.

Darasi na 6: Tamostat

Ƙaramin ƙarfe ne da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama. Idan ya maƙale a rufe, inji zai yi zafi. Wasu kanikawa cire shi suke yi su yar. A sa sabo ya fi.

Darasi na 7: Aikin bakanike

Zaro ma'aunin baƙin mai. Idan man ya koma launin shayi da madara, ko farin hayaƙi mai yawa yana fita ta salansa, ko ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga ba, gasket ne ake zargi. Kada ka tuƙa. A ja ta zuwa gareji.

Aikin gida

1. Rubuta C da H, ka nuna gefen zafi.
2. Ka kashe inji ƙarfe 3:10. Ƙarfe nawa za ka gwada tiyo?
3. Kwafi babban layin Darasi na 3 sau goma, ka kawo ranar aji.