Yadda ake zaman sulhu ta kiran bidiyo

Rigimar gado ko ta bashi takan daɗe ba a warware ba don kawai ɗaya yana Kano, ɗaya yana Jidda. Zama ta bidiyo yana rage wannan wahala, kuma dokar sasanci da sulhu da Najeriya ta yi a 2023 ta amince a yi sulhu ta hanyoyin sadarwa na zamani. Sai dai sirrin da zaure ke bayarwa a sauƙaƙe, a intanet sai mai sulhu ya gina shi da hannunsa.

Fara da zaɓen manhaja. WhatsApp kowa ya iya shi, amma ba shi da ɗakunan keɓewa, alhali keɓewa da kowane ɓangare shi ne ƙashin bayan sulhu. Zoom yana da su, sai dai na kyauta yana yankewa bayan minti 40, yawanci daidai lokacin da zukata suka fara sanyi. A biya kuɗin wata ɗaya, ya fi. Kunna ɗakin jira, sa lambar sirri, hana ɗaukar bidiyo, sannan ka toshe saƙon da mahalarta ke aika wa juna. Sau da yawa mutum yakan rubuta wa lauyansa magana, ta faɗa gaban abokin rigima.

Kwana ɗaya kafin zama, kira kowane ɓangare shi kaɗai na minti 10 a gwada murya da hoto. Kowa ya tanadi data kusan gigabait ɗaya ga kowace awa, ya cika caji, ya ajiye abin caji na tafi-da-gidanka. A rubuta lokaci da agogon kowa: Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, Ghana tana baya da awa 1. A kauce wa lokutan salla na duk ɓangarorin.

Da an buɗe zama, bayan gaisuwa, kowa ya nuna katin shaidarsa, ya zagaya da kyamara a ga ɗakin da yake. Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Mutumin da ke zaune bayan waya ba a ganinsa yana iya juya zaman gaba ɗaya, musamman a kan mace ko ƙaramin magaji da yayansa ke harara. Ba laifi ba ne a zo da waliyyi ko dattijo, amma a bayyana shi, ɗaya ɓangaren ya sani. In ka ga idon mai magana yana yawan kallon gefe kafin ya amsa, keɓe da shi ka tambaya a hankali: "Hajiya, ke kaɗai ce a ɗakin? Ko mu ɗaga zaman zuwa lokacin da kika fi sakewa?" Hana ɗauka a manhaja ba ya hana wani ɗauka da waya ta biyu, don haka kowa ya sa hannu tun farko a kan alƙawarin riƙe sirri.

Murya takan ɗan makara kafin ta isa, sai mutane su riƙa katse juna ba da niyya ba, a ɗauka raini ne. Bayyana musu haka tun farko, wanda ba ya magana ya kashe makirfo. Waya biyu a ɗaki ɗaya kuma suna jawo amsa-kuwwa, a kashe sautin ɗaya.

Idan layin wani ya yanke, dakatar da magana nan take, ka mayar da ɗayan ɗakin jira. In ka ci gaba da hira da shi, wanda ya dawo zai yi zargin an ƙulla wani abu a bayan idonsa. Haka kuma kafin ka faɗi sirri a ɗakin keɓewa, duba jerin sunaye ka tabbatar da waɗanda ke ciki. A huta bayan kowace awa.

In an daidaita, kada a watse da baki kawai. Rubuta yarjejeniyar a take, nuna ta a allo bayan ka rufe sauran takardunka, karanta ta layi-layi da harshen da kowa ke ji: nawa za a biya, ranar yaushe, ta wane asusu. Kowa ya sa hannu ya turo hotonta kafin a kashe kiran. In kotu ce ta turo maganar, a mayar mata da takardar domin ta zama hukuncin da aka amince da shi.