Babi na 7: Ciwon sikizofireniya, rubuta ranar da ya fara

Iyayena da yayyena, yau wani nau'in taɓin hankali za mu duba, likitoci na ce masa sikizofireniya. Sunan akwai nauyi a baki, kar ya dame ku, ni ma sai da na yi ta maimaitawa.

Darasi na 1: Abin da za a gani

Mutum ya riƙa jin muryoyi alhali ba kowa a ɗakin, ko ya kafe cewa an sa masa guba a tuwo ko da Alƙur'ani za a dafa ba zai yarda ba, magana ya ɗauko ta daga Terminus sai ka tsince ta a Bukuru ba haɗi, wanka ya gagara, ya kulle kansa a ɗaki. Yawanci tsakanin shekara 16 da 30 yake ɓullowa, maza ya fi kama su da wuri.

Darasi na 2: Rubuta rana

Toh nan ne kuke faɗuwa. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ciwon nan, da labarinku likita yake aiki, kuma sai alamun sun kai aƙalla wata 1, wasu ma wata 6 suke dubawa. Kenan abu na farko da zai tambaya, yaushe ya fara?

Ɗauki biro. Rana tukuna, sannan abin da ido ya gani. Kamar haka:

Talata, 4 ga wata. Bai yi barci ba, yana amsa wa bango magana.

Rana tukuna. Ko rubutun ya karkace ba komai Mama, likita zai gane, sannu sannu ne. Amma haba jama'a, satin da ya wuce na duba littattafanku, "tun da daɗewa", "kwanakin baya", wannan rana ce? Wani ma "jifa ne" kawai ya rubuta. Ba ra'ayinka aka tambaya ba Baba, abin da ka gani. A goge a sake, rana tukuna.

Darasi na 3: Asibiti

A tafi da littafin zuwa sashen ƙwaƙwalwa na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. In yana shan wiwi ko tramol a faɗa kar a rufa, haka zazzaɓi mai zafi da farfaɗiya, don su ma suna rikita mutum.

Darasi na 4

Ban da sarƙa, ban da duka. In an ba da magani kar a tsayar don an ga sauƙi, sai likita ya ce.