Kurakuran da aka fi tafkawa a yogar ɗaki mai zafi, da yadda za a gyara

Yogar ɗaki mai zafi, wato atisayen motsa jiki da numfashi da ake yi a ɗakin da aka ɗumama, tana da amfani, wannan ba gardama, amma gaskiya mutane da yawa suna shiga ne da tunanin cewa wahalar ita ce amfanin, wai in ba ka fito jiri na ɗibar ka ba, riga sharkaf kamar an tsamo ka daga ruwa, to ba ka yi komai ba. Daga wannan tunanin ne kusan duk kurakuran suke tsirowa, shi ya sa nake so mu yi maganar a buɗe.

Ga wanda bai san abin ba, salon da aka fi sani shi ne wanda Bikram Choudhury, ɗan Kalkata ta Indiya, ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1970. Ana ɗumama ɗaki ya kai wajen digiri 40 a ma'aunin Selsiyas, danshin iska kamar kashi 40 cikin 100, sai a yi motsi iri 26 da atisayen numfashi guda 2, duka cikin minti 90, kuma kullum jerin ɗaya ne ba ya canzawa. Yanzu akwai wasu salon da zafinsu bai kai haka ba, wasu awa ɗaya kawai suke yi, amma dai batun ɗaya ne, jikinka yana aiki biyu a lokaci guda, yana motsi kuma yana faman sanyaya kansa.

Kuskure na farko kuma mafi yaɗuwa shi ne ɗaukar gumi a matsayin kitse ko dafi da ke fita daga jiki. Za ka ga mutum ya gama aji ya hau sikeli ya ga ya ragu da kilo ɗaya yana murna, alhali ruwa ne kawai ya fita, kilo ɗaya daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa, da ya sha ruwa ya ci abinci shikenan ya dawo. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya fata. Tace dattin jiki kuwa aikin hanta da ƙoda ne, kuma ƙodar nan ba ta son ka bar ta babu ruwa, to ka ga wanda yake takura kansa ya yi gumi don "wanke jiki" yana wahalar da ainihin mai wankin ne. Batun kalori ma an cika zuzuta shi, za ka ji ana cewa ana ƙona 1,000 a aji ɗaya, amma da masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado suka auna, abin da suka samu wajen 460 ne ga maza, 330 ga mata a cikin minti 90, wato dai kusa da tafiyar ƙafa mai sauri. Ba laifi ba ne wannan, motsa jiki ne mai kyau, sai dai zuciyarka da take bugawa da ƙarfi a ɗakin ba wai duk ƙona kitse take ba, wani ɓangare na aikinta tura jini zuwa fata ne don zafi ya fita. Gyaran a nan shi ne ka daina auna kanka da yawan gumi, ka riƙa duba abubuwan da suke canzawa da gaske bayan makonni: tsayuwa a ƙafa ɗaya ba tangaɗi, ƙarfin cinya da baya, sunkuyawa ba tare da ƙugu ya yi ƙara ba, barci mai nauyi da dare.

Sai maganar ruwa, nan ma ana kuskure ta gefe biyu. Wasu sai sun iso bakin ƙofa sannan su ɗaɗɗaki gora guda, su shiga ciki yana ƙugi, da an ce a kwanta rub da ciki sai tashin zuciya. Ruwan da zai amfane ka a aji shi ne wanda ka sha tun awa biyu ko uku kafin ka zo, kamar rabin lita, da wanda kake sha a hankali tun safe. Ka duba fitsarinka, in ya yi duhu to ba ka shirya ba. A cikin aji kurɓa ake yi ba kwankwaɗa ba. Ɗaya gefen kuma wanda ba a cika faɗa ba, shi ne mutum ya yi gumi sosai sannan ya ɗura ruwa zalla lita-lita babu gishiri ko kaɗan, sai gishirin jininsa ya yi ƙasa, ciwon kai ya zo, amai, ruɗewa, kuma abin zai iya kai mutum asibiti. In kana cikin masu gumi da yawa, ko ka ga farin tabo a riga bayan ta bushe, ka nemi abin sha mai gishirin jiki ko ka ci abinci sosai bayan aji. Abincin ma, kar ka cika ciki ka shiga, bar awa biyu zuwa uku tsakani, kuma kar ka shiga da yunwar yini guda. Wanda ya sha giya daren jiya ko yake fama da zazzaɓi ko gudawa, ranar ba tasa ba ce, ya zauna a gida.

Yanzu ga wanda ya fi damu na, jin kunyar zama. Sabon zuwa zai ji kansa na juyawa, idonsa na ganin duhu-duhu, amma saboda kowa a tsaye yake sai ya cije, wai kar a ce ya gaza. Don Allah a daina wannan. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Wiskonsin da ke La Crosse a 2015, an auna zafin cikin jikin ƙwararrun masu yi, ba ma sababbi ba, aka ga da yawansu sun haura digiri 39, wani ma ya taɓa 40, wanda shi ne iyakar da likitoci ke fara tsoron bugun zafi. To ina ga wanda yau ya fara? Jiki yana buƙatar kamar mako ɗaya zuwa biyu na shiga zafi a kai a kai kafin ya saba, ya fara gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri. Kafin nan burinka a ajin farko kawai ka zauna cikin ɗakin kana numfashi ta hanci a natse, ko rabin motsin ba ka yi ba ka ci riba. In jiri ya zo ka durƙusa ko ka zauna, kar ka miƙe zumbur. In kuwa ka ji tsigar jikinka na tashi kana jin sanyi a cikin ɗaki mai zafi, ko maganarka ta fara harɗewa, ko ka rasa gane inda kake, ko ƙirji ya riƙe, wannan ba na zama ba ne, fita za ka yi ka sanar da malamin a sanyaya maka jiki, in ruɗewar ba ta wuce ba a kira likita nan take. Duk malamin da ya ce ba a fita daga ɗaki ko me ya faru, ba shi da gaskiya, jikinka ne ba nasa ba. Ka shimfiɗa tabarmarka kusa da ƙofa a kwanakin farko, can ya fi ɗan sauƙin zafi kuma ba ka tsallaka kowa in za ka fita.

Akwai kuma yaudarar da zafi ke yi wa gaɓoɓi. A ɗaki mai ɗumi tsoka tana saki, sai ka ga hannunka ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, daɗi ya kama ka, ka ƙara ja. Matsalar ita ce jijiyoyin da ke riƙe gwiwa da ƙugu ba kamar tsoka ba ne, jini bai cika isa gare su ba, in suka ji rauni suna daɗewa ba su warke ba, kuma ba za ka ji ba sai washegari da jiki ya huce. Wuraren da aka fi jin ciwo su ne gwiwa, ƙasan baya, da can saman bayan cinya inda tsokar ta haɗu da ƙashin zama. Ka bambance ja da ciwo: ja a tsakiyar tsoka wanda kake iya numfashi a cikinsa ba komai, amma suka mai kaifi a cikin gaɓa alama ce ta ka ja da baya. In an ce a miƙe ƙafa, ka matse tsokar cinya ta riƙe gwiwar, kar ka tura gwiwar baya ka jingina nauyinka a kanta. Masu jiki mai laushi tun asali su ne ma suka fi shiga haɗari, don kowa na yaba musu, alhali ƙarfi suke buƙata ba ƙarin lanƙwasa ba.

Madubin da ke gaban ɗaki an sa shi ne don ka ga ko kafaɗarka ta karkace, ba don ka leƙa na kusa da kai ba. Ita waccan da take naɗe ƙafa a bayan kai wataƙila shekara goma take yi.

Ɓoye wa malami halin lafiyarka shi ma kuskure ne babba. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai hawan jini ko wanda jininsa ke yawan sauka, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, wanda ya taɓa suma saboda zafi, duk su fara ganin likita, kuma masu ciki shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce su kauce wa ɗaki mai zafi gaba ɗaya. Wasu magunguna ma, irin masu sa yawan fitsari da wasu na hawan jini da na ƙwaƙwalwa, suna canza yadda jiki ke jure zafi. Kuma ga albishir ga wanda zafin bai karɓe shi ba: a 2018 an buga wani bincike daga Teksas inda aka sa wasu su yi wannan jerin motsin a ɗaki mai zafi wasu kuma a ɗaki na yau da kullum, aka ga lafiyar jijiyoyin jininsu ta inganta kusan iri ɗaya. Ashe motsin ne ke ɗauke da yawancin aikin, ba ka rasa wannan amfanin ba in ka koma ɗaki mai sanyi.

Ta fannin ƙwaƙwalwa kuwa, a nan ne ni nake ganin abin ya fi daraja, kuma a nan ne mutane suke zubar da ribar da hannunsu. Ana gama motsi na ƙarshe sai ka ga an zabura, an naɗe tabarma, an nufi wajen waya, an bar kwanciyar ƙarshe da ake kira shabasana. Mintunan nan ne bugun zuciya ke sauka, numfashi ya daidaita, jiki ya fita daga yanayin faɗa ya koma na hutu, wannan natsuwar da kake nema tun farko a nan take zuwa. Ka ba ta ko minti biyar ne. Kuma amfanin ba zance ba ne kawai, a 2023 masu bincike a Babban Asibitin Masachusets sun gwada mutum 80 masu ciwon damuwa na tsawon mako 8, kusan kashi 59 cikin 100 na waɗanda suka yi yogar zafi alamun ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye, a cikin waɗanda ba su fara yogar ba tukuna, suna jiran layi, kuwa kashi 6 ne kacal. Abin da ya burge ni shi ne ko waɗanda suka yi kamar aji ɗaya kawai a mako sun ga canji, don haka masu cewa sai ka yi kwana 30 a jere ba hutu su sassauta. Amma fa bincike ne ƙarami, kuma bai ce kowa ya ajiye maganinsa ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha, yogar ƙari ce a kai.

Sai zaman tare da mutanen sutudiyo, wato wurin da ake yin yogar. Da yawa suna zuwa su fita ba su san sunan ko mutum ɗaya ba, wata biyu sai ka neme su ka rasa. Abin da ke dawo da mutum ranar da kasala ta kama shi yawanci ba ƙwazo ba ne, sanin cewa akwai wanda zai ce "shekaranjiya ba mu gan ka ba, lafiya dai?" ne. Ka riƙa zuwa aji ɗaya a lokaci ɗaya don fuskoki su saba, ka iso da minti goma, ka gaisa, ka faɗa wa malami sunanka da inda ke maka ciwo, bayan aji ka ɗan tsaya ana shan ruwa ana hira. In ka zama tsohon hannu ka ga baƙo yana rarraba ido, nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma ka ce masa zama ba abin kunya ba ne, wallahi wannan kalmar kaɗai tana iya sa ya dawo. Haƙƙin zaman taren kuma ƙanana ne amma suna da nauyi: tawul a kan tabarma don kar guminka ya malale wajen wani, wanke kayanka bayan kowane aji don ɗumi da danshi gidan ƙwayoyin cutar fata ne, barin turare mai ƙarfi, barin waya a waje, da yin shiru in wasu suna kwance.

Amma son wurin kar ya rufe maka ido. Shi kansa Bikram mata da dama sun zarge shi da cin zarafi, a 2016 wata kotu a Los Anjeles ta ci shi tarar miliyoyin daloli a ƙarar da tsohuwar lauyarsa ta shigar, daga baya ya bar Amurka, kuma shi ya sa sutudiyo da yawa suka cire sunansa suka koma kiran salon 26 da 2. Abin ya daɗe yana faruwa ne saboda an ɗaukaka malami har ba mai iya ce masa a'a. Don haka in malami yana taɓa jikinka don gyara tsayuwa ba tare da ya tambaya ba, kana da damar cewa ba ka so, in yana wulaƙanta masu zama ko yana matsa maka ka sayi ƙarin azuzuwa da jikinka bai ɗauka ba, ka faɗa wa masu kula da wurin, in ba su saurare ka ba ka nemi wani sutudiyon.