Yadda ake ƙona hoton kyanwa a jikin katako da injin lesa, ta fito da rawani da alkyabba

Wata Hajiya maƙociyarmu a nan Jidda ce ta jawo min wannan aikin, tana da wata mage fara mai ɗigon baƙi a hanci, wai so take a yi mata ita a katako amma a shigar sarauta, rawani mai kunne biyu da alkyabba kamar za ta hawan sallah. Na yi dariya na ce toh Hajiya an gama. Sai da na ɓata katako uku kafin na huɗun ya fito, shi yasa na ce bari in rubuta yadda abin yake don kar wani ya yi asarar da na yi.

Kafin komai, maganar hoton abu mai rai malamai sun yi magana a kai kuma akwai saɓani, kowa ya tambayi malaminsa. Wasu masu kawo min aiki sawun ƙafar magen kawai suke so da sunanta, wannan ma yana kyau sosai kuma matakan duk ɗaya ne.

Na farko, hoton asali. Nan ne rabin aikin yake wallahi. Ka ɗauki hoton dabbar da rana kusa da taga, ba da filasha ba, ka durƙusa wayarka ta zo daidai fuskarta, idanu su fito tar. Hoton da ya sha yawo a WhatsApp kar ka karɓa, an riga an matse shi ya mutu, ka ce a turo maka shi a matsayin fayil. Ga lissafin da zaka riƙe: in katakon santimita 20 ne kowane gefe kuma zaka ƙona a DPI 254, ɗigo 254 a kowane inci, yani tazarar milimita 0.1 tsakanin layi da layi, toh hoton yana buƙatar fiksel 2000 a kowane gefe. Ƙasa da haka gashin baki da na kunne duk sai su narke.

Na biyu, yi mata ado. Ko ka haɗa da hannu a Photoshop ko GIMP wanda yake kyauta, ko ka ba manhajojin AI ɗin nan su zana maka jikin. Ni shawarata AI ya yi kaya kawai, alkyabba, sulke, takobi, fukafukai in ana so, amma fuskar ka yanko ta asali ka ɗora da kanka. Dalili kuwa AI yana canza fuska, ya ba ka wata kyakkyawar mage wadda ba taku ba, mai ita kuma kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ai ba tawa bace. Hajiya ɗigon hancin nan ta fara dubawa kafin ta kalli rawanin. Kuma ka lura, in ka ce masa rawani sai ya naɗa mata irin na Indiya, dole ka ba shi hoton rawaninmu ya gani. Yaran da aka haifa a nan kuma shimagi da igal, mayafin kai na Larabawa da baƙar igiyar da ke riƙe shi, suke cewa a sa, shi ma yana fitowa, sai dai ƙananan zanen shimagin suna cakuɗewa in katakon ƙarami ne. Bayan hoton ka share shi fes, ko ka bar jinjirin wata da 'yan taurari, kar ka cika shi da tarkace.

Na uku, mayar da hoton baƙi da fari. Abin da mutane suke mantawa shine lesa ba ta da farin fenti, ƙonawa kawai ta sani. Fari a hoton yana nufin a bar katako yadda yake, baƙi yana nufin a ƙona sosai. Saboda haka ka ƙara bambancin haske da duhu, ka kaifafa hoton fiye da yadda ido yake so a waya, ka ɗan haskaka wuraren da suka yi duhu. Baƙar mage ita ce mai wahala, in baka haskaka ta ba gawayi zaka cire daga injin. Farar mage kuma sai ka sa mata duhu a bayanta ko alkyabba mai duhu, in ba haka ba ta ɓace cikin katakon. Ɗan farin ɗigon nan na cikin ido kar ka bari ya tafi, in babu shi ka sa da hannu, shi ke sa idon ya yi rai.

Na huɗu, katako. Ka nemi mai haske mai laushi wanda jijiyarsa ba ta fito ɓaro-ɓaro ba, irin su basswood ko filawud na birch mai kaurin milimita 3 zuwa 6, ana samu a kasuwannin intanet na Amazon da Noon, kafintoci ma suna da guntaye. Katakon pine da ake falanki da shi ka rabu da shi, yana da ƙaro kuma jijiyarsa wani wuri tauri wani wuri laushi, sai ka ga layi ya ratsa fuskar. MDF, wanda ake yi da garin katako da gam, hayaƙinsa cike yake da gam. Roba mai PVC kuwa ko kusa, hayaƙinta guba ne kuma yana cinye ƙarfen injin. Mu na Jidda muna da matsalar raɓar teku, siririn filawud kwana biyu ya lanƙwashe, ka ajiye shi a kwance da nauyi a kai a ɗaki mai mukayyif, yani na'urar sanyaya ɗaki. Ka goge shi da samfefa lamba 220 kana bin jijiya, ka kakkaɓe ƙurar.

Akwai dabarar soda ta yin burodi, cokali ɗaya a rabin litar ruwa, a shafa siriri a bari ya bushe sarai. Tana sa ƙunar ta yi duhu da ƙaramin wuta, amma tana ɗan sa katakon ya yi ɗorawa. Ni ina so, wasu basa so.

Na biyar, saiti a kwamfuta. Manhajojin sarrafa injin, LightBurn na kuɗi ne, LaserGRBL kyauta ne amma a Windows yake aiki. Ka shigar da hoton ka zaɓi yanayin ɗigo-ɗigo, Jarvis ko Stucki, su ne suke mayar da toka-toka zuwa ƙananan ɗigo kamar hoton tsohuwar jarida, kuma sun fi yafiya ga sabon hannu akan Grayscale. Ka kunna Overscanning don kar gefe da gefe su ƙone wajen juyawar kan injin. Injina na diyod ne mai wat 10, ina farawa daga gudun milimita 3000 a minti da wuta wajen kashi 30, amma dan Allah kar ka kwafi nawa ka rufe ido, kowane inji da halinsa kowane katako da nasa. Ka yi Material Test, yani gwajin gudu da wuta iri-iri, a guntun katakon da zaka yi aiki da shi, ba wani ba, sannan ka yanko ido ɗaya da hanci daga hoton ka ƙona su kaɗai a girmansu na gaskiya. Minti biyar ne, da na yi shi tun farko da katako ukun nan suna nan.

Na shida, ƙonawa. Ka danne katakon ya kwanta, ka saita tazarar kan injin da ɗan ma'aunin da ya zo da shi, kuskuren milimita ɗaya ma yana sa ɗigon ya yi faɗi hoton ya dushe. Ka goge gilashin da hasken ke fitowa ta ciki, ka danna Frame ka ga inda zai bi. Iskar da ke hurawa a kan injin ka rage ta, mai ƙarfi ta yankan katako ce. Lissafin lokaci kuma: layi 2000 kowanne milimita 200 a gudun 3000 ya haura awa biyu, toh ka fara bayan ka dawo daga masallaci, kar a kira sallah ka tafi ka bar shi yana ci. Katako ne da wuta, ba a barinsu su kaɗai, in dole ka tashi danna Pause. Abin kashe gobara a kusa, tiyon hayaƙi ta taga zuwa waje, kuma ka duba kar ya nufi tagar maƙoci ko ka ji haris, maigadin gidan, yana buga ƙofa. Tabarau wanda aka yi don shuɗin hasken diyod, wajen nanomita 450, ba na rana ba. Yara waje, ita ma magen waje don ka san halinsu da bin haske, masu aku ko tattabaru kuma su nisanta su don tsuntsu baya jure hayaƙi.

In ya gama kar ka ɗaga katakon tukuna, ka duba a wurin, in ya yi fari da yawa kana iya maimaitawa da ƙaramin wuta muddin bai motsa ba. Sai ka share tokar da burushi mai laushi, kar ka sa jiƙaƙƙen tsumma zai damalmala baƙin cikin farin. Ka fesa man katako marar launi siriri, ya bushe, ka sake sau biyu, wanda baya sheƙi ya fi nuna gashin.

Sunan dabbar in da Larabci ko ajami za a rubuta, ka rubuta shi tun a cikin hoton, don wasu manhajojin suna rarraba haruffan ko su juya su baibai. Na Hajiya a ƙasa na sa, Gimbiya, ta biya ta kuma aiko min da kwanon masa, yanzu jikanta ne ya dame ni wai a yi masa akunsa da kwalkwali da mashi.