Darasi na 7: A Auna Inji Kafin a Kwance Kansa

Direban da ke jigila tsakanin Katsina da Daura ya san yadda abin yake farawa. Motar da a da take cinye hanyar nan ta wajen kilomita 80 babu gardama, sai ta fara nauyin tashi da safe. Kafin a kai Mashi allurar zafi ta haura. A cika lagireto yau, gobe a tarar ruwa ya yi ƙasa, a leƙa ƙarƙashin mota kuma babu ko ɗigo. Da ya shiga gareji ya fara bayani, kafin ya rufe baki wani zai ce, "Alhaji, ai tof gasket ce ta ƙone." Mai yiwuwa ya yi gaskiya. Sai dai kwance kan inji aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki, alhali akwai awon matsin silinda da ba ya wuce rabin awa, wanda zai nuna ko kwancewar ta zama dole.

Matsi da hanyoyin da yake gudu

Injin fetur na mota yana aiki da bugu huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, ƙarfin fashewar ya turo fistin ƙasa. Sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Bugu na biyun nan shi ne abin karatunmu. Iskar da ta cika silinda ana cusa ta cikin wurin da bai wuce kashi ɗaya cikin tara ko goma na girmanta ba, kuma daga wannan matsi ƙarfin mota yake fitowa.

Ɗauki famfon keke, ka toshe bakinsa da babban yatsa, ka danna. Za ka ji yana turo hannunka. Sassauta yatsan kaɗan, iska ta sulale, sai sandar ta tafi salin-alin. Haka silinda take idan ta samu kafa.

Kafar kuwa wuri uku take samuwa: ring ɗin fistin (zoben da ke kewaye da shi) idan ya cinye, bawul (ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi) idan ya ƙone ko ya ƙi zama daidai, sai gasket. Ita gasket shimfiɗa ce siririya tsakanin gangar inji da kan injin, wanda makanikai ke kira tof silinda. Ita ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowa ya bi hanyarsa. Idan ta ƙone, sai a ga sun fara shiga gonar juna.

Abin da ido zai gani

Zaro sandar auna baƙin mai, ka kuma buɗe murfin da ake zuba shi. Idan man ya yi kauri ya koma ruwan madara, ruwa ya shiga cikinsa. Duba salansa: farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ko inji ya yi zafi, alama ce ta ruwa yana ƙonewa a silinda. Amma kada ka ruɗe da tururin safiyar hunturu, wanda kowace lafiyayyar mota take yi na 'yan mintuna ta daina. Haka nan ɗan farin da ke maƙalewa a murfi kaɗai, bai sauka cikin mai ba, yakan samu motar da ba ta tafiya mai nisa, daga gida sai kasuwa.

Gwaji na gaba da safe ake yinsa, inji da sanyi. Buɗe lagireto, cika shi, ta da mota, ka zuba ido a bakinsa. Idan kumfa na ta ɓulɓulowa babu tsayawa, ko ruwan yana tsalle waje, hayaƙin silinda ne ke kutsawa hanyar ruwa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji da zafi. Murfin yana riƙe matsi na wajen bar 1, wanda ke sa ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Kana buɗewa zai tafasa nan take ya watso maka a fuska.

Yadda ake awon

Abin awon geji ne mai allura, da tiyo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Lambobinsa iri biyu ne, psi da bar, kuma bar 1 ya kai psi 14.5. A nan za mu yi amfani da psi.

A bar inji ya ɗumama, a kashe shi. A hure ƙurar da ta taru a gindin fulogi kafin a cire su, don ƙurar garin nan idan ta faɗa silinda wata sabuwar matsala ce. A cire fulogi duka, a jera su bi da bi yadda aka ciro su. A cire wayar koyil da fis ɗin famfon mai, don kada wuta ta tashi ko fetur ya wanke silinda. Batir ya zama da caji sosai, domin batir mai rauni yana juya inji a hankali, geji ya yi ƙarya.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya ɗaura geji a silinda ta farko, ɗaya ya zauna a mota ya take totur har ƙasa, ya murza makulli inji ya juya sau biyar ko shida, har allura ta daina hawa. Taka totur ɗin nan shi yara ke yawan mantawa, kuma idan ba a taka ba iska ba za ta shiga sosai ba, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. A rubuta lambar a takarda. A saki iskar geji, a koma silinda ta biyu, har a gama. Mai mota da ya iya karatu ya karɓi biron da kansa.

Karanta lambobin

Lafiyayyen injin fetur yakan nuna tsakanin psi 120 da 180, gwargwadon irin motar. Injin gas, wato dizal, ya ninka haka, kuma gejinsa daban ne. Abin da ya fi lamba ɗaya muhimmanci shi ne kusancin lambobin da juna. Bai kamata ta ƙasa ta gaza ta sama da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Idan ta sama 160 ce, kashi 10 ɗinta 16 ne, ke nan duk wadda ta sauka ƙasa da 144 abin tuhuma ce.

A ce takardarka ta nuna 160, 85, 90, 155. Silinda ta biyu da ta uku maƙwabta ne, kuma sun faɗi tare, kusan lamba ɗaya. Wannan ya fi kowace alama nuna gasket: ta ƙone a siririn wurin da ke tsakaninsu, matsin wannan yana tserewa cikin waccan.

Idan kuwa guda ɗaya ce ta faɗi, misali 160, 158, 95, 155, kada a yi gaggawa. A zuba baƙin mai cikin ƙaramin cokalin shayi ta ramin fulogin, a sake awo. Man zai toshe kafar ring na ɗan lokaci. Lamba ta yi tsalle zuwa 140, to ring ne ko bangon silinda ya cinye, kuma ko gasket goma aka canza ba za ta warke ba. Lamba ta tsaya inda take, laifin yana sama, ko bawul ko gasket. Duka huɗun kuma suka faɗi bai ɗaya, a duba tayimin tukuna, wato daidaiton motsin bawul da fistin, ƙila bel ɗinsa ya tsallake haƙori.

Akwai kuma ranar da geji zai nuna lafiya lau, ruwa kuwa na ci gaba da ɓacewa. Ƙaramar kafa tsakanin silinda da hanyar ruwa ba kullum take kayar da lamba ba. Nan ne fulogin da ka jera za su yi amfani. Wanda ya fito fes, fari tas, sauran kuwa da ɗan baƙinsu, tururi ne ya wanke shi, kuma silindarsa ce ke shan ruwa. Wasu gareji suna da wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto. Idan hayaƙin fetur ya ratsa shi sai ya koma rawaya.

Idan ta tabbata gasket ce

Gasket ba kasafai take ƙonewa haka kawai ba. Zafi ne ke kashe ta, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ƙaramin sakaci ya isa. Fanka ta tsaya ba a lura ba. Lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya da aka shekara ana ɗura masa. Murfinsa ya saki. Ko mota ta tafasa a hanya, direba ya sheƙa mata ruwan sanyi nan take, kan inji na alminiyam ya lanƙwashe. Ni dai ban yarda da al'adar cire tamostat, na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, da sunan wai na ƙasar sanyi ne ba. Motar da ke tafasa da tamostat mai kyau tana da wani ciwon, cire shi ɓoye ciwon ne kawai.

Saboda haka ka tambayi makanikenka, cikin girmamawa, "Oga, me ya jawo ta ƙone?" Idan ba a gano ba, sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi. Ka nemi a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan injin a duba ko ya lanƙwashe. Injuna da yawa ba sa yarda da gibin da ya wuce milimita 0.05, abin da ido ba ya gani sai da ma'auni. In ya wuce, a kai wa masu injin gogewa su daidaita shi. Wajen ɗaurewa kuma da sifana mai awo ake yi, daga notin tsakiya a yi waje, mataki-mataki. Wasu motocin, irin su Golf, notinansu miƙewa suke yi idan an ɗaure, don haka sababbi ake sawa. Bayan an gama a canza baƙin mai da filta.

Aikin gida

Wata mota ta nuna 150, 148, 100, 152. An zuba mai a silinda ta uku, lamba ta koma 138. Rubuta a littafinka mene ne kashi 10 cikin 100 na lambar da ta fi girma, wace silinda ce ta gaza, sannan me za ka ce wa makaniken da ya ce a sayo gasket.