Yadda ake koyon magana da Fillanci a kasuwar ƙauye

Mu mutanen karkarar Jigawa da Fulani muke kwana muke tashi, amma ɗaiɗaiku ne a cikinmu ke iya haɗa jimla biyu da Fillanci. Su sun koyi namu, mu mun naɗe hannu, abin yana damuna. Ni a bakin ciniki na koya, ina sayar da dusa da kanwa a kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, ga kuma yadda na bi.

Da farko ka ba kunne haƙƙinsa. Yi ci uku ko huɗu na kasuwa kana zaune kusa da masu tallar nono ko a gefen kara, kana saurare kawai. Kalmomin da ake yawan maimaitawa su za su fara maƙalewa: kosam nono, ndiyam ruwa, nagge saniya. Sannu a hankali za ka lura farkon kalma yana sauyawa. Mutum ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe. Mace debbo, mata rewɓe. Namiji gorko, maza worɓe. Kada wannan ya karya maka gwiwa, haka harshen yake, kuma kunne na riga kai kama shi.

Sai gaisuwa, ita ce ƙofa. Da safe ka ce “A waali jam?”, wato ka kwana lafiya, za a amsa da “Jam”. Kada ka jefa ta kana tafiya. Tsaya, rusuna wa babba, bar shi ya ja gaisuwar yadda yake so. Godiya kuwa “Mi yetti”.

Mataki na uku shi ne wanda mutane ke gudu: ka nuna ba ka gane ba. “Mi nani” na ji, “Mi nanaay” ban ji ba. Mai gyaɗa kai don kunya zai shekara bai wuce gaisuwa ba. Nuna ƙwarya ko igiya ka tambayi sunanta, ka maimaita a gaban mai ita har ya gamsu da lafazinka. Za a yi dariya, musamman ’yan mata masu nono, amma dariyar jin daɗi ce, gyara na biye da ita.

Daga nan ka kama ƙirga, tunda ciniki ne ya haɗa ku: go’o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, goma kuma sappo. Daga shida zuwa tara ɗorawa ake yi a kan biyar.

A nan ne na yi tuntuɓe. Don zumuɗin na iya lissafi, na tambayi wani dattijo yawan shanunsa. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa, can ya ce, “Ɗana, dusar nan ta gero ce ko ta dawa?” Daga baya jikansa ya ja ni gefe ya ce ba a ƙirga wa Bafulatani dukiya, kuma ba a matsa masa ya ambaci sunan ɗan fari. Kunya ce, semteende suke ce mata. Saboda haka ka riƙa lura da fuska da shirun mutum kamar yadda kake lura da kalmarsa.

Ka kuma sani Fillancin Jigawa ya ɗan bambanta da na Adamawa ko na Sakkwato, don haka riƙe mutum ɗaya na yankinku ya zama malaminka. Duk ranar kasuwa ka karɓi kalma biyar a wurinsa, ka rubuta su da boko ko ajami a bayan littafin bashi, mako mai zuwa ka gaishe shi da su kafin a fara awo.