Kurakuran da sababbin 'yan golf suke ta maimaitawa a wurin atisaye

Ranar Asabar da safe, in ka leƙa wurin atisayen golf a Achimota, za ka tarar da samarinmu na Nima da Maamobi kowa da bokitin ƙwallo a gabansa. Ba ɗumama jiki, ba komai, sai a zaro direba, babbar sandar nan mai ƙaton kai, a yi ta zabga kamar masu faskare. Kafin minti 20 bokiti ya ƙare, kafaɗa na ciwo, hannu bai koyi komai ba.

Cikin sanduna 14 da doka ta yarda a ɗauka, direba ta fi tsayi, fuskarta kuma kusan a tsaye take, digiri 9 zuwa 12, shi ya sa ƙaramin kuskure take mayar da shi babba. In ƙwallo 50 ne a bokitin, fara da wej, gajeriyar sandar nan mai kwantacciyar fuska, rabin lilo (rabin ɗaga sanda), guda 10. Ƙarfe mai lamba 7, wato matsakaiciyar sanda mai kan ƙarfe, ya ci 30. Direba ta jira ragowar. Bayan kowane bugu ka ja da baya, ka zaɓi tuta ɗaya, ka sake gyara tsayuwa.

Amma babbar macuciya ita ce tabarmar robar da ake bugu a kai. Maƙaryaciya ce. In sandarka ta fara dukan ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo, a kan ciyawa za ta nutse, ƙwallon ya gangara 'yan taku ya tsaya. A kan tabarma kuwa sai sandar ta zame ta tarar da ƙwallon, ya tashi sama, kai kuma kana murmushi wai ka iya. Wata 3 mutum yana haka, ran da ya shiga fili sai ya koma noma. Ga magani: shimfiɗa ɗan tawul kamar faɗin tafin hannu a bayan ƙwallon. In ka taɓa tawul, bugun bai yi ba, komai nisan da ƙwallon ya je. Yawanci nauyin jiki ne ya maƙale a ƙafar baya. Ga mai bugu da dama, lilo ya ƙare nauyi na kan ƙafar hagu, cibiya na kallon tuta. Kunne ma ya yi aiki: bugu mai kyau ƙara ɗaya yake yi, tas, ba dim sannan tas ba.

Kuma don Allah, ɗan'uwa, ka daina sauraron duk wanda ya wuce ya ce "kar ka ɗaga kai". Kafe kai yana hana kafaɗa juyawa. In ƙwallonka kullum dama yake lanƙwashewa, fuskar sanda ce a buɗe, wato tana kallon dama, lokacin bugu. Dubi hannun hagunka a kan mariƙi, ya kamata ka ga gaɓoɓin tushen yatsu 2 ko 3.

Sauran ƙananan ne. Ajiye sanda ɗaya a ƙasa ta nuna maka saiti. Kar ka auna nisan bugunka da ƙwallayen wurin atisaye, sun sha duka, ba su kai na wasa tafiya ba. Zafin Accra na jiƙa safar hannu har sanda ta riƙa suɓucewa, sai ka zo da guda 2 kana musanyawa, ka kuma zo da sassafe ko bayan la'asar. Ƙwallon da ya gangara gaban layi kuwa, bar shi nan, na kusa da kai bai gama bugu ba.